GARGAƊI GA IYAYE: FITSARIN JINI BA ALAMAR GIRMA BA CE

Iyaye, malaman makarantun allo da na boko, masu unguwanni: duk yaron da kuka ga jini na biyo bayan fitsarinsa, ku kai shi asibiti cikin wannan mako. Galibi tsargiya ce ke cinsa. Har yanzu a ƙauyuka da yawa ana cewa yaro ya fara zama namiji, har a yi masa dariya. Wallahi wannan magana tana jawo wa yara lahanin da za su ɗauka har tsufa.

Tsutsa ce ke kawo tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a rafi ko kududdufi, ƙwayayen tsutsar da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon koɗi, daga nan 'ya'yan tsutsar su fito cikin ruwa su huda fatar duk wanda ya shiga. Ba sai an sha ruwan ba: wanka, wanki, kamun kifi, ban ruwa a gonar shinkafa, duk sun isa. Shi ya sa ta yi katutu inda ake noman rani, kamar Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, da Bakolori, da fadamun Haɗeja.

Tsutsar na zama cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwayayen ne ke yi wa mafitsara miki. Yaro ya rame, jininsa ya ragu, karatu ya gagara. In aka bar ta, tana toshe hanyar fitsari, ta lalata ƙoda, wani lokaci ta kai ga sankarar mafitsara.

'Yan mata abin ya fi ban tausayi, domin kunya ba ta barinsu su faɗa. Ƙwayayen na kama al'aura da bakin mahaifa, su jawo ƙaiƙayi, ciwon mara da zubar jini, daga baya har haihuwa ta yi wuya. Uwa, ki tambayi 'yarki a keɓe, cikin lallashi.

Maganin tsargiya Praziquantel. Ana raba shi kyauta a makarantu, ana auna tsayin yaro kafin a ba shi. Kada ku hana 'ya'yanku sha, sai dai su ci abinci tukuna, don yakan sa jiri da tashin zuciya na ɗan lokaci. Almajirai da yaran da ba sa zuwa boko, a kai su asibitin da ke kusa. Maganin ba ya hana sake kamuwa, don haka a hana yara fitsari cikin ruwa, kuma ruwan rafi a ajiye shi kwana 2 kafin a yi wanka da shi.

Amma idan fitsarin ya yi duhu kamar baƙin shayi, fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya, wannan na iya zama ƙoda ce ta taɓu. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A tafi asibiti yanzu.