Jinya Ta Hanyar Ba Da Labari: Abin Da Iyalan Potiskum Za Su Iya Amfana Da Shi

A safiyar Litinin, 10 ga Nuwamba, 2014, wani ɗan ƙunar baƙin wake sanye da kayan makaranta ya tayar da bam a tsakiyar ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Potiskum, a Jihar Yobe, inda sama da mutum 40 suka rasu. Kafin nan, a watan Yulin 2013, an kashe mutum 42 a makarantar Mamudo da ke kusa da garin. Yaran da suka tsira yanzu magidanta ne, kuma irin wannan tashin hankali yakan bar tabo: firgita cikin barci, saurin fushi, da ƙaurace wa jama'a.

Daga cikin hanyoyin da masana halayyar ɗan Adam ke bi wajen taimaka wa irin waɗannan iyalai akwai jinya ta hanyar ba da labari. Michael White na ƙasar Ostareliya da David Epston na New Zealand ne suka assasa ta, suka kuma bayyana ta a littafin da suka wallafa a 1990. Ginshiƙinta shi ne a raba mutum da matsalarsa. Wanda aka daɗe ana kira mafaɗaci yakan ɗauka haka aka halicce shi, har ya fid da rai da sauyawa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a harshen Hausa. Bahaushe yakan ce tsoro ya kama wane, ko zuciya ta ɗebe shi, tamkar wani abu ne ya zo daga waje. Haka mai ba da shawara yake yi. Maimakon ya tambayi magidanci dalilin da ya sa yake musguna wa iyalinsa, sai ya tambaye shi yaushe fushin ya fara shigowa gidan, me ya raba shi da shi, kuma wace rana ce ya taɓa fin ƙarfinsa. Daga waɗannan ranaku da aka manta ake gina sabon labari, mata da miji su haɗa kai a kan matsalar a maimakon zargin juna.

Akwai kuma salon da ake kira Bishiyar Rayuwa, wanda Ncazelo Ncube, haifaffiyar Zimbabuwe, ta tsara tare da David Denborough domin yaran da suka yi rashin iyaye. Yaro yakan zana bishiya: saiwoyi su ne asalinsa, gangar jiki ita ce baiwarsa, rassa burinsa, ganyaye kuwa mutanen da yake ƙauna, rayayyu da mamata. Sai ya tsaya da ƙafarsa a kan wannan kafin a taɓo zancen masifar. Ga ɗan Bolewa, Ngizim ko Karekare, wanda ya tashi yana jin tarihin kakanninsa, saiwoyin ba su da wuyar samu.

Sai dai akwai sharaɗi. Kunya da rufin asirin gida suna da daraja a wannan yanki, don haka ba a tilasta wa kowa magana, kuma abin da aka faɗa amana ne. Tono mummunan abin da ya wuce ba tare da ƙwarewa ba yana iya fama ciwon. Wanda ya daina barci ko cin abinci, ko yake tunanin hallaka kansa, asibiti ya kamata a kai shi ba da jinkiri ba. Akwai Asibitin Tarayya na Masu Larurar Ƙwaƙwalwa a Maiduguri.

Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Abin da ya rage shi ne horar da ma'aikatan jinya, malaman makaranta da masu sulhunta ma'aurata, domin wanda ya shekara goma da magana a cikinsa ya sami mai sauraro a kusa da gida.