Lalle, Itacen da Bazarar Arewa Ba Ta Kayarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Dogon Dutsi cikin watan Afrilu ya san abin da ake kira bazara. Zafi kan haura digiri 40, iska ta riƙa busowa kamar daga maƙera, furannin da aka sayo a Yamai cikin 'yan tukwane su yi yaushi kafin mako ya zagayo. Daga nan sai uwar gida ta yanke hukunci, ta ce ƙasar Arewa ba ta karɓar fure. Tana karɓa mana. Akwai wanda ya saba da ita tun kaka da kakanni, mu ne dai muka daina kallonsa. Lalle nake nufi.

Yawancinmu garinsa muka sani, a ƙulle cikin leda a kasuwa, ko a ƙafar amarya ranar ƙunshi. Mun manta itace ne mai fure. Furen ƙanana ne, farare, a cure a kan reshe, ba su da wani kwarjini a ido. Amma ka tsaya kusa da shi bayan magariba, iska ta ɗan kaɗa, za ka ji ƙamshin da ya cika tsakar gida. In furen ya zube sai ya bar 'ya'ya kewayayyu, kowanne cike da ƙananan iri.

Ruwan samanmu na wata uku ne zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a yawancin shekaru bai wuce milimita 400 zuwa 600 ba. Lalle na iya rayuwa da wannan in saiwarsa ta kama. Wahalarsa duk a shekarar farko take.

Hanya mafi sauƙi ita ce dashen reshe. A bari sai damina ta zauna, wajen watan Yuli, a yanko reshen da ya ƙosa, mai kaurin alƙalami, tsawon santimita 25 zuwa 30. A zage ganyen ƙasa, a binne rabinsa, a danne ƙasar da tafin hannu. Mai son shuka iri kuwa sai ya yi haƙuri, don ɓawonsa da tauri. A jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa kafin a yafa.

Wuri ma da bambanci. Masu garka a fadamar Dallol Mawri, daga Matankari zuwa Kore Mairuwa, Tibiri da Gecheme, ruwa na kusa da su, sai dai su guji kwarin da ruwa ke kwanciya, don sabon dashe ruɓewa yake yi a taɓo. Wanda gidansa ke kan fako ya haƙa rami irin na tassa, ya zuba ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki gara yake gayyatowa. Sannan a kewaye da ƙaya ko darni, domin akuya ba ta san wahalar da ka sha ba.

A ranin farko a ba shi ruwa sau biyu ko uku a mako. Ba sai an ɗebo masa na musamman ba: in an dasa shi kusa da inda ake alwala, ya samu rabonsa. Lokacin hunturu yakan zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuge shi. Kafin ka kai masa gatari, kankare ɓawon da farce. In ka ga kore, yana nan da ransa.

Sai dai ba a cin biyu a itace ɗaya. Mai son ganye dole ya riƙa sassabe shi, wanda ake sassabewa kuwa ba ya yin fure sosai. Shawarata, a dasa jere a jikin shinge don ganye, a bar guda ɗaya ko biyu su tashi yadda suka ga dama. Yankan ganye ya fi kyau da ɗaukewar ruwa, kafin ya fara ja, a shanya shi a inuwa. Wanda rana ta gasa yakan dushe, ƙunshinsa ba ya kamawa da kyau.

Kada a raina abin. A Indiya, garin Sojat na jihar Rajastan, wuri mai zafi da ƙarancin ruwa kamar namu, da lalle ya yi suna, har a 2021 hukuma ta yi wa sunan lallensu rajista don kada wani ya sayar da nasa da shi.

Ga kuma batun lafiya. Lalle na gaskiya ja yake kamawa. Baƙin da ke kamawa cikin 'yan mintoci, sau da yawa sinadarin rina gashi aka zuba masa, kuma yakan ƙona fata ya bar tabo. Shi kansa na gaskiyar, likitoci sun hana a shafa wa jarirai, saboda akwai yaran da yake narkar wa da jini.

Damina mai zuwa, uwar gida, ki leƙa gidan maƙwabciyar da ke da shi, ki roƙi reshe uku.