Yadda neman gaibu ya sauya fasahar zane ta zamani

Tsakanin watan Oktoban 2018 da Afrilun 2019, fiye da mutum 600,000 ne suka shiga gidan adana zane-zane na Guggenheim da ke birnin New York a Amurka, domin kallon ayyukan Hilma af Klint, 'yar ƙasar Suwidin da ta rasu tun 1944. Kafin lokacin, gidan bai taɓa samun cikowa irin wannan ba. Amma a zamanin rayuwarta, mutane ƙalilan ne suka san da waɗannan zane-zane.

An haife ta a 1862, ta kuma yi karatu a makarantar koyon zane ta masarautar Suwidin da ke Stockholm. Da zanen furanni da filaye da fuskokin mutane take samun abin kai wa baka. Sai dai tana da wata rayuwa ta daban. Rasuwar ƙanwarta a 1880 ta ƙara mata sha'awar abin da ke bayan mutuwa, a 1896 kuma ita da wasu mata huɗu suka kafa ƙungiyar da suka kira "Su Biyar". Sukan haɗu su yi addu'a, sannan su zauna sauraron saƙonnin da suka yi imani ruhohi ne ke aiko musu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Turai ta wancan zamani. Aƙidar Tiyosofi, wadda Helena Blavatsky da abokanta suka kafa wa ƙungiya a New York a 1875, ta cuɗa koyarwar Hindu da Buda da tsofaffin ilmomin ɓoye na Turai, tana cewa akwai gaskiya ɗaya da ke ƙarƙashin dukkan addinai. Kimiyya ma ta ba ta ƙarfi ba da niyya ba: gano hasken da ke nuna ƙasusuwan cikin jiki a 1895 ya tabbatar wa jama'a cewa ido ba ya ganin komai. Masu zane sai suka fara tambaya: idan hakikanin abu a ɓoye yake, me ya sa za a ci gaba da kwaikwayon zahirinsa?

A 1906 af Klint ta fara jerin zane-zane 193 da ta ce wani ruhi ne ya umarce ta da yi domin wani ɗakin ibada, ta kammala su a 1915. Babu mutum ko dutse ko gida a yawancinsu, sai da'irori da layuka masu naɗewa da haruffa. Kowane launi da ma'anarsa: shuɗi na mace, rawaya ta namiji. Goma mafiya girma, waɗanda ta zana a 1907, kowanne ya haura mita 3 a tsayi, suna bin matakan rayuwa daga ƙuruciya zuwa tsufa.

Shekarun nan su ne abin lura. Littattafan tarihi sun daɗe suna bai wa Wassily Kandinsky na Rasha lambar fara zane marar siffa a wajajen 1911, alhali ta riga shi da kimanin shekara biyar. Shi kansa Kandinsky ya karanta Tiyosofi, ya kuma rubuta littafi kan ruhaniyya a fasaha. Piet Mondrian na Holan ya shiga ƙungiyar a 1909. Duk da haka masharhanta na baya sun fi son maganar layi da launi, suka yi shiru kan aƙidar da ta tura masu zanen, kamar abin kunya ne. Ayyukan af Klint ba su bar ƙofar wannan shirun ba.

Ta bar wasiyyar kada a nuna su sai bayan shekara 20 da rasuwarta, domin tana ganin mutanen zamaninta ba za su fahimta ba. Sai a 1986 aka baje wasunsu a Los Angeles. Har yau ana muhawara ko ayyukan fasaha ne ko kuwa kayan ibada da bai kamata a rataye su kamar sauran ba.

Ɗakin ibadar da ta tsara a littattafanta mai hawa ne a naɗe kamar katantanwa, kuma ba a taɓa gina shi ba. Ginin Guggenheim, wanda aka buɗe a 1959, shi ma haka hawansa yake.