Tsohon Yaƙi a Sabuwar Kwamfuta

Wanda ya ajiye faifan wasan Medal of Honor: Allied Assault tun 2002, in yau ya ɗauko ya kakkaɓe ƙura, abin da zai fara tararwa shi ne kwamfutarsa ba ta ma da wurin sa faifai. Ya aro na'urar karanta faifai ya jona, wasan ya sauka lafiya, ya danna, shiru kake ji. Kuma ba ƙarfi injin ya rasa ba, don wayar da ke aljihunsa ma ta fi kwamfutocin wancan zamani nesa ba kusa ba.

Makulli ne ya hana. Kamfanin EA, mai fitar da wasan, ya sa wa faifan wata manhajar tsaro mai suna SafeDisc don hana satar fasaha, wadda sai ta tabbatar faifan asali ne kafin ta buɗe wasan. Da Windows 10 ta fito a 2015, Microsoft ya daina ba ta hanya, saboda ƙofa ce da masu kutse za su iya bi. Abin takaici, wanda ya sayi halal da kuɗinsa shi ne aka bari a waje, mai kwafin sata kuwa yana can yana harbinsa. Shi ya sa da yawa suke sake sayen wasan a shagon intanet na GOG, inda aka cire makullin.

Matsala ta biyu har dariya take ba ni. An gina wasan ne a kan injin Quake III Arena na 1999. Duk sanda aka kunna shi, yakan nemi katin hoto ya lissafo masa abubuwan da ya iya. A da, jerin gajere ne, don haka ɗan wuri kaɗan aka tanadar masa. Katin yau kuwa sai ya kwararo jeri mai tsawon gaske, kamar a juye tulu a kofin shayi, nan take wasan ya rufe kansa. Maganin shi ne a sa katin ya rage baki, ya faɗi kaɗan daga abin da ya sani. Sai allo: don murabba'in allon wancan zamani aka yi shi, a kan mai faɗi kuwa sojoji sukan fito a baje, sai ka buɗe fayil ɗin saiti ka rubuta faɗi da tsawo da hannunka. Sannan GameSpy, mai haɗa 'yan wasa ta intanet, ya rufe a 2014. Masoya wasan ne suka kafa nasu hanyoyin haɗuwa, wasu ma suka sake rubuta injin a aikin sa-kai mai suna OpenMoHAA.

To, bayan duk wannan wahala, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? A ganina tana biya. Fuskoki sun tsufa, hannuwa kamar an sassaƙa. Amma ka kai matakin gaɓar Omaha, saukar sojojin ƙawance a Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944, wanda aka tsara bisa salon fim ɗin Steven Spielberg, Saving Private Ryan. Ƙofar jirgin ruwa ta faɗi, na gabanka suka zube, kai kuma ka ruga ka laɓe bayan ƙarfen shinge, harsashi na ƙara a jikinsa, lafiyarka ta koma 12 cikin 100. Ba nan ne ake fakewa jiki ya warke da kansa ba, al'adar da wasan Call of Duty 2 ya yaɗa a 2005. Sai ka nemo magani ko ka mutu. Ɗan wasan yau zai sha mamaki: bindiga ba ta zuwa ido sai mai madubi, kuma a matakin garin maharban ɓoye za a kashe ka tun ba ka ga mai harbin ba. Wannan matakin, gaskiya, zalunci ne tun a wancan lokaci.

Waɗanda suka ƙera wasan a kamfanin 2015, Inc. da ke Tulsa ta Amurka ba su daɗe a can ba. Da yawansu sun fice sun kafa Infinity Ward, kuma a 2003 suka fitar da Call of Duty na farko, a kan injin Quake III ɗin dai, shi ma da irin nasa makullin a faifai.