Masu Cin Rani Daga Turai

A shekarun 1970 da 1980, da an kai gero rumbu a ƙasar Adar, sai samarin Barmou da Kalfou da Takanamat su ɗaura kaya su tafi biɗa Abijan, Legas ko Libiya. Daidai lokacin ne kuma waɗansu masu cin ranin ke gangarowa Tahoua daga arewa: anasaru matasa, galibinsu 'yan Faransa da Jamus, cikin tsofaffin motocin da suka mayar ɗakin kwana.

Aikin bai ci musu wani kuɗi ba. Saurayi zai sayi tsohuwar Volkswagen Kombi ko doguwar Peugeot 504 da araha, ya kwance kujerun baya, ya kafa katako, ya shimfiɗa katifa. Ƙarƙashin katakon ya jera jarkokin ruwa, abincin gwangwani da kayan gyara. Ya rataya labule a tagogi, ya ajiye ɗan murhun gas a gefe. A saman motar ya ɗaure tayoyi, jarkokin mai, shebur, da farantan ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin taya in mota ta kafe a rairayi. Duk inda rana ta faɗi, nan ne masauki.

Daga Marsai jirgin ruwa ke tsallakar da su zuwa Aljeriya ko Tunisiya. A Tamanrasset suke ban kwana da kwalta, su fuskanci kilomita kusan 400 zuwa In Guezzam. Rairayin Laouni da ke tsakani ya cinye motoci masu yawa, gawarwakinsu ma suka zama alamar hanya. Wanda ya kuɓuta ya gabatar da takardu ga 'yan duwan a Assamaka, ya ƙara kilomita wajen 200 zuwa Arlit. Da aka gama kwaltar Arlit zuwa Tahoua, wadda ake kira hanyar uraniyom, wajen 1980, sauran tafiyar ta zama shan iska: Agadez, Abalak, tafkin Tabalak, sai ga Tahoua.

Ba yawon buɗe ido kaɗai ya kawo su ba, motar kanta haja ce. Kuɗin uraniyom ya shigo Nijar, na man fetur ya cika Najeriya, kowa na neman mota. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, saboda haka kayan gyaranta ba su da wuyar samu, kanikawa kuma sun san cikinta. Ga sefa tsaye kyam: 50 daidai da faran ɗaya na Faransa, kuma bankunan can suna canza ta. In ciniki ya faɗa, kuɗin motar ya biya mai da abinci da tikitin jirgin komawa daga Yamai, wani lokaci har da riba. Shi ya sa tun daga Arlit dillalai ke tare baƙi, su buɗe injin, su leƙa ƙasan mota, su taya.

Mai saye kuwa ba ruwansa da gado. Abin da Bature ya kafa, shi ake fara ciccirewa. A mayar da kujeru, in da hali a ƙara benci, a ƙarfafa ƙafafun baya, a kai ta tasha. Motar da ta kawo mutum biyu daga Turai sai ta koma ɗaukar fasinja maƙil, da buhunan albasa da awaki a samanta, tana jigilar 'yan kasuwa da 'yan biɗa zuwa Birnin Ƙonni da bakin iyaka.

Abubuwa uku suka kashe wannan fatauci. Rikicin Tchin-Tabaraden na watan Mayun 1990 ya buɗe ƙofar tawayen Abzinawa. A 1992 Aljeriya ta faɗa yaƙin basasa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ribar ta tafi. Tsofaffin motocin Turai suka koma shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, Toyota Hiace kuma ta karɓe tashoshin Adar.