Marufin ramin salanga da lokacin yasa

A birane kamar Maradi, Damagaram da Tawa, gidaje da yawa suna da salanga ta ruwa. Ƙazanta tana bi ta tiyo, ta zuba cikin wani rami na siminti da ke ƙarƙashin ƙasa. Cikin ramin, abu mai nauyi yana kwantawa ƙasa, ya zama laka. Maiƙo yana tasowa bisa. Ruwan tsakiya kaɗai ke wucewa zuwa rami na biyu, inda ƙasa take shanye shi.

Ruwa yana fita, amma laka tana nan, kullum tana ƙaruwa. In ta yi yawa, sai ta toshe rami na biyu. Ƙazanta ta dawo tsakar gida, inda yara ke wasa. Ƙudaje su kai ta ga abinci. Ta haka zawo da kwalara ke shiga gida.

Wasu magidanta suna rufe marufin ramin da ƙasa, ko su yi daɓe bisa gare shi. Kuskure ne. Ramin da ba a buɗewa, ba a sanin cikarsa. Tun ran gini, ran zane: a gaya wa magini ya ɗaga bakin ramin kaɗan bisa ƙasa, don kada ruwan sama ya shiga. Marufi ya zama na siminti, mai nauyi, wanda yaro ba ya iya ɗagawa.

Sau guda a shekara, kafin damana, maigida ya auna laka. A samo dogon icce. A naɗe gindinsa da farin ƙyalle. A tura shi sannu har ya taɓa ƙasan ramin. A dakata kaɗan, a jawo shi. Inda ƙyalle ya yi baƙi, nan laka ta kai.

In laka ta kai kashi 1 cikin 3 na zurfin ruwan, lokacin yasa ya yi. Misali: ruwa mai zurfin santimetir 150, laka santimetir 50. Yawanci ana yasa bayan shekara 3 zuwa 5. Gida mai mutane da yawa ba ya kai haka.

A kira masu motar yasa. Kada kowa ya shiga ramin. Iskar cikinsa tana kashe mutum, tana kuma kama wuta. Kada a kusance shi da taba ko fitila. In an gama, a mai da marufi nan take.