Yamato da Bismarck: Abin da wasan kwamfuta ba ya nunawa

Duk matashin da ya taɓa buga World of Warships, a kwamfuta ko a waya, ya san Yamato. Jirgin ruwan yaƙin Japan ne da ke sahun ƙoli a wasan, sai an sha fama kafin a mallake shi. Kamfanin Wargaming ne ya fitar da wasan a 2015, kuma ta fuskar kamanni bai yi ha'inci ba: tsawon Yamato na gaske mita 263 ne, nauyinsa ya kai tan 72,000 in ya cika da kaya, yana ɗauke da manyan igwa tara masu bakin santimita 46, waɗanda ba a taɓa ɗora irinsu a kan wani jirgin yaƙi ba sai ɗan'uwansa Musashi.

Daga nan ne hanya ta rabu. A wasan, ana karawa tsakanin rukuni biyu, cikin minti 20 an gama, Yamato kuwa yana ta ɓarin wuta tun daga farko har ƙarshe. Na gaske ya shafe mafi yawan Yaƙin Duniya na Biyu a ɗaure a tashar ruwa, saboda ƙarancin mai da kuma tsoron kada a rasa shi, har sojojin ruwan Japan suka laƙaba masa suna "Otal Yamato". Sau ɗaya tak ya harba manyan igwansa kan jiragen ruwan abokan gaba, a kusa da tsibirin Samar na Filifin, a watan Oktoban 1944.

Labarin Bismarck na Jamus ya fi nuna giɓin. Ranar 24 ga Mayun 1941 ya nutsar da Hood, abin alfaharin Ingila. Cikin mutum 1,418 uku ne suka rayu. Bayan kwana biyu, wasu tsofaffin jiragen sama samfurin Swordfish, masu fukafukan da aka lulluɓe da ƙyalle, suka harba masa nakiyar ƙarƙashin ruwa. Guda ta same shi ta baya, ta maƙale sitiyarinsa. A wasan wannan ƙaramar matsala ce, a danna maɓalli ɗaya, cikin daƙiƙu kaɗan jirgi ya miƙe. A tekun Atlantika kuwa injiniyoyi sun kwana suna fama ba su iya gyara shi ba. Gari na wayewa jiragen Ingila suka rutsa da shi. Cikin mutum sama da 2,000, kimanin 114 ne suka tsira.

Akwai wasu sauye-sauyen da aka yi don kada mai wasa ya gaji. An rage nisan harbi: igwan Yamato na iya kai kilomita 42, a wasan bai kai 30 ba. Nakiya ba ta ƙarewa, alhali ƙananan jiragen yaƙi na gaske 'yan ƙalilan suke ɗauka. Wasu jiragen ma ba su taɓa shiga ruwa ba. Montana na Amurka a takarda ya tsaya, an soke gina shi a 1943. Wannan ba laifi ba ne, wasa ai wasa ne. Matsalar ita ce wanda ya ɗauki allon a matsayin littafin tarihi zai zaci manyan igwa ne suka yanke hukunci a yaƙin teku, bayan kuwa jiragen sama ne suka yi.

Yamato kansa shaida ne. A watan Afrilun 1945 aka tura shi Okinawa ba tare da rakiyar kirki ta sama ba. Ranar 7 ga wata ɗaruruwan jiragen saman Amurka suka far masa, cikin kusan awa biyu ya kife, rumbun makamansa ya fashe. Mutum fiye da 3,000 suka mutu tare da shi, bai ko hango Okinawa ba.